Ba ka cika shekara biyu ba aka rage ka a aiki: me dokar Birtaniya ta tanadar maka?

Duk wanda ke cikin zaurukan WhatsApp na 'yan uwanmu mazauna Birtaniya ya san irin wannan saƙon. Yakan shigo da tsakar dare, bayan mutum ya dawo daga aiki barci ya gagare shi: "Salamu alaikum jama'a, yau manaja ya tara mu ya ce za a rage ma'aikata, kuma sunana na ciki. Shekarata ɗaya da wata bakwai a wurin. Akwai abin da za su ba ni?" Kafin gari ya waye an ba shi amsa goma. Wani ya ce dole su biya shi albashin wata uku, wani ya ce ya maka su kotu, wani kuma ya ce ya yi haƙuri, wanda bai cika shekara biyu ba ko sisi ba shi da shi. Na ƙarshen nan ya fi kusa da gaskiya, amma shi ya fi cutar da mai tambaya, domin shi ke sa mutum ya naɗe tabarmarsa ya tafi alhali ya bar haƙƙinsa a ƙasa.

Abin da yake gaskiya a maganarsa shi ne, kuɗin sallamar da doka ta wajabta idan an rage ma'aikaci, wanda za ka ga an rubuta shi redundancy pay a wasiƙa, yana da sharaɗi guda mai tsauri: sai mutum ya yi shekara biyu cur yana aiki ba yankewa a wuri ɗaya. Haka sashe na 155 na Dokar Haƙƙin Ma'aikata ta 1996 ya ce, kuma ita ke aiki a Ingila da Wales da Scotland. Ireland ta Arewa tana da tata dokar, amma ita ma a kan wannan batu shekara biyun ta tsaya. Alƙali ba shi da ikon tausaya maka ya cike maka kwanakin da suka rage. Wanda ya yi wata 23 da wanda ya yi sati uku, a gaban wannan sashe, duk ɗaya suke.

Sharaɗin tsoho ne. Tun 1965 aka zo da shi, lokacin gwamnatin Harold Wilson, sa'ad da aka fara kafa dokar biyan waɗanda aka rage. A wancan zamanin tsofaffin masana'antu suna mutuwa, gwamnati tana so ma'aikata su daina turjewa idan za a rufe wani wuri, su koma inda ake buƙatarsu. Sai aka ce a ba mutum wani abu saboda shekarun da ya binne a kamfani. Ke nan tun asali ba tallafin rashin aiki ba ne, ladan daɗewa ne. Wanda bai daɗe ba, a tunanin masu dokar, bai yi asarar abin da za a biya shi ba. Ko ka yarda da wannan tunani ko ba ka yarda ba, shekara sittin ke nan ba a taɓa shi ba.

Kafin mu yi nisa, ya kamata a san girman abin da ake wa kuka. Lissafin yana bin shekarun haihuwa: kowace cikakkiyar shekarar aiki da ka yi kana ƙasa da 22, ladan rabin sati; daga 22 zuwa 40, ladan sati guda; daga 41 zuwa sama, sati ɗaya da rabi. Ba a ƙirga fiye da shekara 20, kuma akwai iyaka ga abin da za a kira "ladan sati" komai yawan albashinka. A Afrilun 2025 an sa iyakar a fam 719, ana kuma sabunta ta kowane watan Afrilu. To, ɗauki mai shekara 30 da ke karɓar fam 500 a sati, ya yi shekara biyu daidai. Fam 1,000 ne nasa. Ba haraji a kai, gaskiya ne, tunda kuɗin sallama har fam 30,000 ba a taɓa shi, amma fam dubu a Landan ko Manchester kuɗin hayar wata guda ne, wani lokaci ma ba ya kaiwa. Riƙe wannan adadi, za mu dawo kansa.

Yadda ake ƙirga shekara biyun

Nan ne gizo ke saƙa, kuma nan ne mutane da yawa ke yanke wa kansu hukunci da ka, ba tare da sun buɗe kalanda ba.

Ranar da manaja ya gaya maka za a rage ka ba ita ce ranar ƙarshe ba. Doka tana duba ranar da aikin ya ƙare a zahiri, wato ranar da notis ya cika. A ce wata baiwar Allah ta fara aiki ranar Litinin 4 ga Maris 2024. Da ranar farawa da ranar gamawa duk ana ƙirga su, don haka shekararta biyu tana cika 3 ga Maris 2026. A ce kwantiraginta ya ba ta notis na wata uku, aka miƙa mata wasiƙa 5 ga Janairu 2026. A ranar wata 22 kawai take da shi. Amma idan ta ci gaba da zuwa aiki har notis ɗin ya ƙare a farkon Afrilu, ta haura shekara biyu, kuɗin sallama ya wajaba. Ko da kamfanin ya ce ta zauna a gida ana biyanta albashi har notis ya cika, duk ɗaya ne, domin har yanzu ma'aikaciyarsu ce.

Kamfanoni sun san wannan sarai. Shi ya sa sau da yawa za ka ji an ce: "Ba sai kin wahala kina zuwa ba, za mu ba ki kuɗin wata ukun dunƙule, yau ce ranarki ta ƙarshe." A kunne kamar alheri. A takarda kuwa, aikin ya ƙare a ranar, sauran wata biyun da take buƙata ba za su shiga lissafi ba. Idan kwantiragin ya ba kamfani damar biyan kuɗi a madadin notis, ba su karya doka ba.

Sai dai doka ta bar wata 'yar ƙofa. Idan aka sallami mutum nan take, ko aka ba shi notis ƙasa da wanda doka ta wajabta, to wajen ƙirga shekara biyun ana ƙara masa kwanakin notis na doka. Ba notis ɗin kwantiragi ba, na doka, wanda ga mai ƙasa da shekara biyu sati ɗaya ne tak. Mu koma ga baiwar Allahn nan. In an sallame ta nan take ranar 25 ga Fabrairu 2026, a ƙara kwana bakwai, an kai 4 ga Maris, ta tsallake. In kuwa ranar 20 ga Fabrairu ce, ƙarin ya tsaya a 27 ga wata, kwana huɗu suka raba ta da kuɗin. Haka abin yake, babu ragi babu ƙari. Don haka wanda ke cikin satinsa na ƙarshe kafin cika shekara biyu, kada ya yarda da maganar "ba ka kai ba" daga bakin ofishin kula da ma'aikata sai ya ƙirga da kansa.

Ɗaya ɓangaren lissafin shi ne ranar farawa, kuma ita ma ba kullum take inda mutum yake zato ba. Idan wani kamfani ya sayi wurin aikinka, ko aka sauya ɗan kwangilar da ke kula da shara ko girki ko gadi a asibiti aka wuce da ma'aikata hannun sabon, to ƙa'idojin da ake kira TUPE sun ce shekarunka na baya sun biyo ka. Masu aikin kula da tsofaffi da masu goge-goge su suka fi faɗawa wannan rami: sun yi shekara uku a gida ɗaya, sunan kamfanin da ke kan takardar albashi ya canja wata takwas da suka wuce, sai su ɗauka su sababbi ne. Ba sababbi ba ne. Haka nan idan an mayar da kai daga wani kamfani zuwa ɗan uwansa, masu mallaka ɗaya. Ma'aikatan ƙananan hukumomi ma suna da wani tsari na 1999 da ke haɗa musu shekarun da suka yi a hukumomi daban-daban.

Hutun shekara, jinyar rashin lafiya da hutun haihuwa ba sa yanke lissafi. Lokacin gwaji na farkon aiki yana ciki. Kwantiragi na ƙayyadadden lokaci da aka yi ta sabuntawa a jere, ana haɗa su, kuma ƙin sabunta shi saboda aikin ya ƙare sallama ce a idon doka. Yajin aiki yana da nasa hukunci mai ban dariya: bai yanke lissafi ba, amma kwanakin yajin ba a ƙirga su, sai a matsar da ranar farawarka gaba da adadinsu. Abin da ke yankewa shi ne a samu cikakken sati, daga Lahadi zuwa Asabar, da ba kwantiragi tsakaninku, sai fa idan aikin ne ya tsaya na ɗan lokaci ko akwai fahimtar cewa za ka dawo.

Yawan awa ba ya cikin sharaɗi. A da can, mai aikin awa 8 zuwa 16 a sati sai ya yi shekara biyar kafin ya cancanta, har kotun ƙoli ta lokacin, wato ta Majalisar Dattawa, ta ce a 1994 wannan wariya ce ga mata tunda su suka fi yin aikin rabin lokaci, aka soke bambancin a 1995. Ɗalibinmu mai awa 20 a sati, in ya cika shekara biyu, yana da haƙƙi daidai gwargwadon ladansa.

Akwai kuma wanda ko shekara goma ya yi ba zai samu ba, domin doka ba ta ɗauke shi cikakken ma'aikaci ba. Birtaniya ta kasa masu aiki gida uku: cikakken ma'aikaci, mai cin gashin kansa, da wani rukuni a tsakiya da ke da haƙƙin mafi ƙarancin albashi da hutu amma ba shi da na sallama. Direbobin Uber da suka yi nasara a Kotun Ƙoli a 2021, wannan rukuni na tsakiya aka saka su. Yawancin waɗanda kamfanin samar da ma'aikata ke turawa rumbunan ajiye kaya ko gidajen tsofaffi su ma nan suke faɗawa. Abin da aka rubuta a saman kwantiragi ba shi ne hukunci ba, kotu tana duba yadda ake aikin a zahiri, amma wannan shari'a ce mai cin lokaci.

Abin da ke naka ko ba ka kai ba

To, an ƙirga, an sake ƙirgawa, ba ka kai ba. Ƙofa ɗaya ce ta rufe.

Notis naka ne. Duk wanda ya yi wata guda a aiki yana da aƙalla sati ɗaya, idan kuma kwantiragi ya ba ka fiye, na kwantiragin za a bi. Mai notis na wata guda da albashin fam 500 a sati ya riga ya samu ninkin fam dubun da muka lissafa. Kwanakin hutun da ka tara ba ka ci ba, su ma kuɗi ne. Doka ta ba da sati 5.6 a shekara, kwana 28 ga mai aikin kwana biyar a sati, kuma mutanenmu sun iya tara hutu domin su haɗa su zo gida da azumi ko bikin ƙanwa. Duk ranar da ta rage sai an biya ta. Sai albashin da ka riga ka yi aikinsa, da kuɗin ƙarin awa, da duk wani alawus da kwantiragi ya ambata. Waɗannan ana cire musu haraji, har da kuɗin madadin notis.

Sannan ka karanta kwantiraginka da littafin dokokin kamfani. Abin da doka ta ce mafi ƙaranci ne. Wasu kamfanoni, musamman inda ƙungiyar ƙwadago ke da ƙarfi, suna da nasu tsarin sallama da ya fi na doka, wani ma ba ya sa sharaɗin shekara biyu. In alkawarin ya shiga kwantiragi, ya zama bashi. Ba ko'ina ba ne: ma'aikatan NHS, hukumar asibitocin gwamnati, tsarinsu ya fi na doka tsoka nesa ba kusa ba, albashin wata guda ga kowace shekara, amma shi ma yana neman shekara biyun.

Abin da ya fi duk waɗannan kuɗi, wanda kuma ba na jin ana ambatonsa a zaurukanmu, shi ne batun tuntuɓa. Dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta 1992 ta ce idan kamfani zai rage mutum 20 ko fiye a wurin aiki ɗaya cikin kwana 90, dole ya zauna da ƙungiya ko zaɓaɓɓun wakilan ma'aikata kafin ya sallami kowa: aƙalla kwana 30 idan adadin bai kai 100 ba, kwana 45 idan ya kai. In ya ƙi, kotun ma'aikata na iya ci masa tarar ladan har kwana 90 ga kowane mutum, kuma sabuwar Dokar Haƙƙin Ma'aikata ta 2025 ta ninka shi zuwa kwana 180 daga Afrilun 2026. Wannan diyya ba ruwanta da daɗewa. Wanda ya fara aiki wata biyu da suka wuce yana samu daidai da wanda ya tsufa a wurin. Mutuminmu mai fam 500 a sati, kwana 90 nasa ya haura fam 6,400. Ka kwatanta da fam dubun da ake ta juyayi a kai.

Shi ya sa tambayar farko da ya kamata a yi wa mai saƙon tsakar dare ita ce, ku nawa aka rage, kuma a gini ɗaya kuke? Kalmar "wurin aiki ɗaya" ta taɓa cin mutane. Lokacin da kantunan Woolworths suka durƙushe a ƙarshen 2008, mutum wajen 27,000 suka rasa aiki. Kotu ta ba su diyyar kwana 60 saboda rashin tuntuɓa, amma ta cire waɗanda ke ƙananan shaguna masu ƙasa da ma'aikata 20, kimanin mutum dubu uku. Ƙungiyar ma'aikatan shaguna ta USDAW ta bi maganar har Kotun Tarayyar Turai, wadda a Afrilun 2015 ta ce kowane shago wurin aiki ne mai zaman kansa. Kamfani ɗaya, rana ɗaya, asara iri ɗaya, wasu suka samu wasu suka tashi a tutar babu saboda ƙanƙantar shagonsu. Akwai kuma kamfanin da zai yi lissafi ya ga biyan tara ya fi masa sauƙi. Kamfanin P&O Ferries ya sallami ma'aikatan jirgin ruwa 786 ta saƙon bidiyo ranar 17 ga Maris 2022, shugabansa Peter Hebblethwaite ya tsaya gaban 'yan majalisa ya amsa cewa da saninsu suka ƙi tuntuɓar ƙungiyoyi. Irin wannan ne ya sa aka yi ta kiran a ninka tarar. Abu guda da za a kula: inda akwai ƙungiya ko wakilai, su ne ke shigar da ƙarar, ba ɗaiɗaikun ma'aikata ba.

Sai batun dalilin da ya sa aka zaɓe ka. Ƙarar kora ba bisa ƙa'ida ba ita ma tun 2012 tana neman shekara biyu, don haka sabon ma'aikaci ba zai iya cewa kawai "ba a bi tsari ba" kotu ta saurare shi. Amma akwai dalilan da ba sa jiran shekara. In an zaɓe ki saboda kina da juna biyu ko kin tafi hutun haihuwa, in an zaɓe ka saboda ka shiga ƙungiyar ƙwadago, ko ka tona wata ɓarna, ko ka koka a kan haɗarin wurin aiki, ko ka nemi haƙƙinka na albashi, daga ranar farko doka tana tare da kai. Dokar Daidaito ta 2010 kuma ta hana wariya saboda launin fata, asali, addini, jinsi, shekaru ko nakasa, kuma diyyarta ba ta da iyaka. Zan faɗi abin da ba kowa ke son ji ba: zafin rai ba hujja ba ne. "Ni kaɗai ne baƙi" somin tabi ne, ba ƙarshen magana ba. Abin da ke aiki a kotu shi ne takardar makin da aka ba kowa, saƙonnin imel, ranar da ka nemi wurin sallah ko kika faɗi kina da ciki da ranar da sunanki ya bayyana a jerin. Mai ciki da mai jego suna da ƙarin gata tun Afrilun 2024: daga ranar da ta sanar da kamfani har wata 18 bayan haihuwa, in akwai gurbin da ya dace da ita, ita za a fara ba, ba sai ta yi takara da kowa ba.

Idan kamfanin ne ya karye gaba ɗaya, kamar yadda aka gani da Carillion a 2018 da Thomas Cook a 2019, hukumar gwamnati mai kula da karyayyun kamfanoni tana biya daga asusun inshorar ƙasa: bashin albashi har na sati takwas, kuɗin hutu har na sati shida, da notis na doka, duk a ƙarƙashin iyakar ladan satin nan. Ban da kuɗin sallamar kansa, babu wanda ke neman shekara biyu a cikinsu.

Lokaci kuma gajere ne. Kuɗin sallama na doka yana da wata shida, amma ƙarar wariya, bashin albashi da rashin tuntuɓa, wata uku ne a cire kwana ɗaya, kuma kafin ka shigar sai ka fara bi ta hukumar sasanci ta Acas. Sabuwar dokar ta yi tanadin tsawaita wa'adin, amma mai hankali zai yi aiki da wata ukun. Shigar da ƙara kyauta ne tun 2017. Game da ita sabuwar dokar, wadda aka sa wa hannu a Disambar 2025, akwai ruɗani da ya kamata a warware. Jam'iyyar Labour ta yi alkawarin kariya daga kora tun ranar farko, aka kai ruwa rana da Majalisar Dattawa, aka tsaya a wata shida, daga Janairun 2027. Wannan na ƙarar kora ne. Shekara biyun kuɗin sallama tana nan inda take.

A gida fa?

Wanda ya baro Najeriya yakan zo da tunanin giratuti, wanda ke gida kuma yakan ɗauka can komai a tsare yake. Dokar Ƙwadagon Najeriya, a sashe na 20, ba ta sa sharaɗin shekara biyu ba, amma kuma ba ta faɗi ko kwabo nawa za a biya ba. Abin da ta ce shi ne mai kamfani ya sanar da ƙungiya ko wakilan ma'aikata, ya bi ƙa'idar wanda ya zo ƙarshe shi zai fara fita tare da duba ƙwarewa da riƙon amana, sannan ya yi iya ƙoƙarinsa wajen sasanta abin da za a ba waɗanda aka rage. "Iya ƙoƙari" ba adadi ba ne. Sabon ma'aikaci a nan an buge shi sau biyu: shi ne farkon fita, kuma abin da zai samu ya dogara ga kwantiraginsa ko yarjejeniyar ƙungiyarsa. Notis ɗinsa a doka kwana ɗaya ne in bai wuce wata uku ba, sati guda daga nan zuwa shekara biyu. Dokar ma ta fi shafar masu aikin ƙarfi da akawu-akawu, manajoji da ƙwararru sai abin da suka sa wa hannu, ko abin da Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ta ga ya dace. Abin da mutane ke mantawa shi ne dokar fansho ta 2014 ta ba wanda ya rasa aiki, ya yi wata huɗu bai samu wani ba, damar cire kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusunsa. Kuma kasancewar haƙƙi a takarda bai sa shi a aljihu: ma'aikatan masaƙar KTL ta Kaduna, da aka rufe a 2002, sun shafe shekaru suna bin nasu, da yawa sun rasu ba su gani ba. Faransa, wadda 'yan uwanmu na Nijar suka fi sani, wata takwas kawai take nema tun 2017. Amurka kuwa dokar tarayyarta ba ta wajabta kuɗin sallama ba sam.

Ga wanda ke Birtaniya da bizar aiki, ana kukan targaɗe ne sai ga karaya. Bizarsa a ɗaure take da kamfanin da ya ɗauki nauyinsa. Aiki na ƙarewa, kamfanin yana da kwanakin aiki goma ya sanar da Ma'aikatar Cikin Gida, ita kuma takan rage bizar zuwa kwana 60, ko abin da ya rage mata in bai kai haka ba. Cikin wannan wa'adi sai ya samu wani kamfani mai lasisi ya ɗauke shi, ko ya koma wata bizar, ko ya tattara. Ba shi da damar karɓar tallafin gwamnati irin su Universal Credit. Masu aikin kula da tsofaffi sun ɗanɗana wannan fiye da kowa. An buɗe musu ƙofa a Fabrairun 2022, 'yan Najeriya suka yi tururuwa, sannan tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024 gwamnati ta ƙwace lasisin kamfanonin kula sama da 470, abin da ya shafi ma'aikata fiye da 39,000.  A Yulin 2025 aka rufe ɗauko sababbi daga waje.

Ga irin wannan mutum, tayin "karɓi kuɗin notis dunƙule ka tafi yau" ya fi tsada fiye da yadda yake gani. Muddin yana cikin notis, ko yana zuwa aiki ko yana zaune a gida da albashi, ma'aikacin kamfanin ne, bizarsa tana tsaye, kwanakinsa suna ƙaruwa zuwa shekara biyun, kuma yana neman sabon wuri da takardar da ke nuna yana kan aiki. Kamfani ba dole ne ya amince ba in kwantiragi ya ba shi zaɓi, amma manajoji da yawa ba su ma san abin da ranar sallama ke jawo wa mai biza ba sai an gaya musu. A nema a rubuce, tun a zaman farko, kafin a buga wasiƙa da kwanan wata a kanta. Kwana 60 ɗin kuma ba daga ranar barin aiki ake fara ƙirga su ba, daga wasiƙar Ma'aikatar Cikin Gida ne, wadda takan zo ta imel ɗin da mutum ya yi amfani da shi lokacin neman biza. Wanda wani ejan a Kano ko Abuja ya cika masa fom da adireshin imel ɗin ofishinsa, ya shiga asusun bizarsa ya canja shi yau.